HUJJA DA ASUSU: JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA KAN RAYUWAR MARIGAYI INNOCENT CHUKWUMA

Wannan shi ne cikakken jawabin da Sakataren ƙungiya ya gabatar a babban taron magidanta. Mun buga shi ne domin waɗanda ba su samu halarta ba. Muna roƙon duk gidan da wannan takarda ta shiga, a samu mai karatu ya karanta wa iyayenmu mata da dattawa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, limamanmu da malamanmu, shugabannin 'yan goro da 'yan kara da 'yan gwari, shugabannin matasanmu masu dako da masu acaba, iyayenmu mata da suka baro ayyukan gida suka zo, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Kwamiti ya umarce ni in yi bayani a kan batun asusun ƙungiya, wanda muka daɗe muna ɗagawa daga wannan zama zuwa wancan. Da na zauna ina tunanin ta inda zan ɓullo wa maganar, sai na ga in na fara da cewa ku kawo kuɗi, rabin jama'a za su tuna suna da uzuri a kasuwa. Saboda haka na zaɓi in ba ku labarin wani mutum tukuna. Ba Bahaushe ba ne, ba kuma Musulmi ba ne. Ɗan ƙabilar Ibo ne, sunansa Innocent Chukwuma, ya rasu a Legas ranar 3 ga watan Afrilu na shekarar 2021 yana da shekara 55. Kusan shekara talatin ya yi yana aiki iri biyu: binciko gaskiyar abin da ke faruwa tsakanin talaka da ɗan sanda, da kuma neman kuɗin da za a yi wannan bincike. Na san wani zai ce, Malam Sakatare, ina ruwan mai tallan albasa da wannan? To a yi haƙuri a saurara.

RANAR DA NA JI KUNYA

Kafin labarinsa, bari in fara da nawa, domin dattawan da ke nan sun san shi. Shekarun baya, lokacin ban iya rubuta ko sunana da boko ba, aka yi kame a bakin tasha da daddare, aka kwashe mana yara. A cikinsu akwai wani yaro da ba shi ake nema ba, wansa ake nema, da ba a same shi ba aka tafi da ƙanen. Muka yi karo-karo cikin dare, muka kai abin da aka ce mu kai, aka sako wasu, aka riƙe wasu. Bayan kwana biyu wani maƙwabcinmu Bayarabe, Allah ya saka masa, ya raka ni wurin wata lauya mai taimakon marasa ƙarfi. Na shiga da zafina, na yi ta zuba kusan rabin awa. Ta bar ni har na gama, sannan ta jawo takarda da biro ta fara tambaya. Yara nawa aka kama? Na ce suna da yawa. Sunayensu? Na kawo laƙabin uku. Ƙarfe nawa? Na ce bayan isha'i. Nawa kuka bayar, wa ya karɓa, wa ya gani? Na ce ai kowa ya sani. Sai ta ajiye biron ta ce da ni, cikin ladabi, ta yarda da duk abin da na faɗa, amma babu alƙalin da zai karɓi kowa-ya-sani a matsayin shaida.

Jama'a, na fito ofishin nan gwiwata a sanyaye. An zalunce mu, gaskiya tana hannunmu, amma ba mu da abin da za mu ɗora a kan tebur. Wannan rana ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci da gemuna, ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Kuma tun daga ranar nake sa kunne ga labarin mutanen da suka mai da rubuta zalunci sana'arsu. A nan na fara jin sunan Chukwuma a rediyo da jaridu.

WANE NE INNOCENT CHUKWUMA?

An haife shi a shekarar 1966. Ya yi digirinsa na farko a fannin nazarin addinai a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, daga baya ya je Jami'ar Leicester ta ƙasar Ingila ya karanta harkar shari'ar masu laifi. Ku lura, ba lauya ba ne, ba kuma tsohon ɗan sanda ba ne. A farkon shekarun 1990 ya kama aiki da ƙungiyar kare 'yancin jama'a da ake kira CLO, wadda lauyoyi biyu, Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo, suka kafa a Legas a 1987. Zamanin soja ne. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san yadda ake ɗauke mutum ba a san inda aka kai shi ba, kuma a watan Nuwamba na 1995 ne gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. A irin wannan yanayi ne wannan saurayi yake bin labarin waɗanda aka azabtar a hannun 'yan sanda, yana tattara shaida yana rubutawa. A 1996 aka ba shi lambar yabo ta duniya ta kare haƙƙin ɗan Adam wadda kamfanin Reebok yake bayarwa ga matasa a wancan lokaci, yana ɗan shekara 30.

To a nan ne ya yi wani tunani da ya bambanta shi da sauran. Ya ga cewa fallasa kaɗai ba ta gyara caji ofis. Yau ka rubuta an doki wane, jarida ta buga, gobe a doki wani. Dole a samu masu zama su gano dalilin da ya sa abin yake maimaituwa: yadda ake ɗaukar kurata, irin horon da ake ba su, albashinsu, dokar da suke aiki da ita, da kuma wanda ke hukunta su in sun yi ba daidai ba. Kuma dole wani ya yarda ya zauna tebur ɗaya da manyan 'yan sandan ya nuna musu abin da aka gano. Saboda haka a 1998, tun soja na kan mulki, ya kafa wata cibiya a Legas wadda a yau aka fi sani da Gidauniyar CLEEN. Aikinta shi ne tsaron jama'a da gyaran aikin ɗan sanda.

MAKAMI NA FARKO: BINCIKE

'Yan'uwa, kalmar bincike tana ba wasunmu tsoro, domin mun saba jin ta a bakin masu kaki. Binciken da nake nufi daban ne. Shi ne a tattara abin da ya samu mutane da yawa, a ƙirga, a rubuta, har ya zama ba mai iya cewa ƙarya ne ko sharrin 'yan adawa.

Ga yadda suke yi. Chukwuma ya haɗa kai da wani malamin Jami'ar Jos, Farfesa Etannibi Alemika, masanin harkar laifuka, suka riƙa fitar da littattafan bincike tare. A shekarar 2000 sun fitar da wanda ya duba tashin hankali tsakanin 'yan sanda da jama'a. Sun kuma yi nazarin yadda talakawa ke dogara da 'yan banga da masu gadin unguwa saboda ba su ga amfanin zuwa caji ofis ba. Daga 2005 cibiyar ta fara wani babban aiki na zagaya jihohin ƙasar nan ana tambayar mutane gida-gida. Ba a zaɓar gidan aboki ko na ɗan'uwa. Ana bin tsari ne irin na ƙuri'a, domin amsar ta wakilci kowa, birni da ƙauye, mace da namiji. Tambayoyin iri ɗaya ne ga kowa: An yi maka sata ko fashi a shekarar da ta wuce? Ka kai ƙara? In ba ka kai ba, me ya hana? An nemi cin hanci a wurinka? Abin da wannan aiki ya riƙa nunawa shi ne mafi yawan waɗanda aka yi wa laifi ba sa kai rahoto wurin 'yan sanda ko kaɗan. Kun ga ke nan littafin da ke kan kantar caji ofis ba ya ɗauke da ko rabin labarin. Wannan abu ni da ku mun san shi tun tuni, amma saninmu na hira ne a bakin shago. Da aka mai da shi alƙaluma, sai ya zama abin da za a ajiye gaban Sufeto Janar da 'yan majalisa.

Akwai kuma wani shiri da suka shiga tare da takwarorinsu na wasu ƙasashe daga 2006, wato makon ziyarar caji ofis. Mutanen unguwa ne, irinmu, suke zuwa da izini su duba ofishin 'yan sandan yankinsu, riƙe da takarda mai tambaya 20. Yaya ake karɓar mai ƙara? Yaya tsabtar wurin? Ana bambanta mutane? Akwai bayanin inda za ka kai kuka in an cuce ka? Yaya ɗakin da ake tsare mutane yake? Sai su ba da maki, a yaba wa ofishin da ya yi kyau, a nuna wa wanda ya gaza inda ya gaza. Ba zagi, ba jifa.

Kada ku ɗauka aikin ba shi da haɗari. A 2002 cibiyarsa tare da wata ƙungiyar duniya mai yaƙi da azabtarwa suka fitar da rahoto mai suna Hope Betrayed, ma'ana an ci amanar fatan da jama'a suka yi wa mulkin farar hula. Rahoton ya bi diddigin rikice-rikicen da aka yi tun daga 1999, ciki har da na Odi, da Kaduna, da Jos, da Binuwai, ya ce mutanen da suka hallaka sun haura 10,000, kuma da wuya a ga wanda aka hukunta. Da aka shigo da littattafan ta Legas, jami'an kwastam suka riƙe su. Ku tambayi kanku, me ya sa za a tsare takarda kamar wani makami? Saboda mai mulki yana iya toshe kunne ga kuka, amma rubutacciyar hujja tana nan ko bayan ya sauka.

Haka kuma a zaɓen 2007, Chukwuma ne shugaban gamayyar ƙungiyoyin sa ido kan zaɓe da ake kira TMG. Sun baza masu lura a faɗin ƙasa, suka tattara abin da idonsu ya gani, ya fito fili ya ce zaɓen bai inganta ba, a sake shi. Ba a sake ba. Amma shi kansa marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a ranar rantsar da shi cewa zaɓen yana da naƙasu, ya kuma kafa kwamitin gyaran harkar zaɓe a ƙarƙashin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais.

MAKAMI NA BIYU: KUƊI MAI LISSAFI

Yanzu mu zo kan abin da ya tara mu. Duk wannan aiki da na lissafa, kuɗi yake ci. Mai zagayawa gida-gida sai an biya shi kuɗin mota da na abinci. Sai an biya ɗab'i, da hayar ofis, da albashin ma'aikata. Cibiya irin wannan ba ta sayar da komai, ba ta da riba. To daga ina?

Akwai manyan gidauniyoyi a duniya da attajirai suka bar wa dukiya domin ayyukan alheri, kusan kamar yadda muka san waƙafi. Biyu daga cikinsu da suka daɗe a Nijeriya su ne Gidauniyar Ford da Gidauniyar MacArthur, dukansu na Amurka. Ita Ford tun 1960 take da ofis a Legas. Amma kada wani ya zaci zuwa ake yi a yi musu kirari su ɗebo su bayar. Lauyan da ke taimaka mana ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda abin yake, ga shi kamar yadda na fahimta.

Da farko sai ƙungiya ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, da amintattunta da tsarin mulkinta a rubuce. Sai asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba. Sannan a rubuta takardar neman tallafi, a faɗi matsalar, a kawo hujjar cewa akwai ta, a faɗi abin da za a yi, da wanda zai yi, da watannin da zai ɗauka. A haɗa da kasafi, kowane abu da farashinsa, har kuɗin takarda da tawada. In an dace an bayar, ba a gama ba, yanzu aka fara. Duk abin da aka saya sai da rasit. Lokaci-lokaci sai an aika rahoto iri biyu, na aiki da na kuɗi. Ƙarshen shekara odita daga waje ya zo ya bi littattafan layi-layi. Kuɗin da aka bayar domin bincike ba a karkatar da shi a sayi mota, ko da motar ana bukatarta. Wanda ya cika alkawari a ƙaramin tallafi shi ake ba babba.

Wannan hanya Chukwuma ya bi shekara da shekaru. A 2006, shekara takwas da kafa cibiyar, Gidauniyar MacArthur ta saka ta cikin rukunin farko na ƙungiyoyin duniya da ta ba lambar yabo saboda ingancin aiki. Sannan a 2013 abin ya juya: mai roƙo ya zama mai rabo. Gidauniyar Ford ta naɗa shi shugaban ofishinta na Afirka ta Yamma, ya riƙe har zuwa farkon 2021. Kuma ga abin da ya fi burge ni. Da zai tafi, bai naɗe cibiyar ya sa a aljihu ba. Ya sauka, wasu suka karɓa, kuma ta ci gaba da aiki har bayan rasuwarsa. Mu nan ƙungiya nawa muka gani ta mutu ranar da shugabanta ya koma gida Arewa, saboda littafin da hatimin da kuɗin duk suna cikin jakarsa?

Ba sai na je nesa ba. Kun tuna gudummawar da muka tara bayan gobarar rumfuna. Ni ina cikin masu karɓa. Wallahi ban ga wanda ya ci ko sisi ba, amma ba mu rubuta ba, ba mu ba da rasit ba. Da aka zo rabo, wannan ya ce ya ba da kaza, wancan ya ce an tara fiye da haka, zargi ya shiga, har yau akwai mutum biyu a wannan zauren da ba sa gaisawa. Laifinmu ne mu masu karɓa, kuma ina neman afuwa a gaban jama'a. Malamanmu suna nan, su gyara mini in na yi kuskure: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi take. Ashe rubuta kuɗi ba al'adar Bature ba ce, mu ne muka yi sakaci da namu.

TAMBAYAR DA NA SAN TANA RANKU

Na san wasu suna cewa a zuci, kuɗin Turawa ba ya zuwa a banza. Wannan magana ba shirme ba ce, kuma ba zan share ta ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai bayarwa yana da abin da ya fi so a yi, kuma ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan sun koma bin inda kuɗi yake: bana su ne masu yaƙi da wannan cuta, baɗi su ne masu wayar da kai kan zaɓe. Bugu da ƙari, abin da ke hannun wani ba naka ba ne. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka da dama a Nijeriya suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Ford da MacArthur ba na gwamnati ba ne, amma darasin ɗaya ne.

Don haka ni ban zo in ce mu tafi neman kuɗin waje ba. Abin da nake so mu ɗauka daga rayuwar wannan mutum shi ne tarbiyyar da ta sa aka amince masa: ya san abin da yake so ya gyara, bai sauka daga kai ba, yana da hujja, kuma lissafinsa a buɗe yake. Wannan tarbiyya ba ta bukatar dala. Da ita za mu tara namu a tsakaninmu. In wata rana wani ya zo da tallafi, mu karɓa a kan sharaɗinmu, in bai zo ba, aikinmu bai tsaya ba.

ABIN DA DOKA TA RIGA TA BA MU

Wani zai ce, duk wannan rubuce-rubuce me ya haifar, ga shi har gobe ana karɓar na goro a hanya? Gaskiya ne ba a kai ga ci ba, zanga-zangar EndSARS ta watan Oktoba 2020 ma shaida ce. Kuma ba zan ce mutum ɗaya ne ya kawo gyaran da aka samu ba. Ƙungiyoyi da lauyoyi da 'yan majalisa da yawa ne suka yi ta turawa. Amma an samu abin riƙewa. Dokar 'yan sanda da aka gada tun 1943, zamanin Turawa, an sauya ta da sabuwa a watan Satumba na 2020. Kafin nan an yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, da dokar hana azabtarwa ta 2017.

Ku riƙe waɗannan. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato abin da aka yi wa yaron da na ba ku labari haramun ne a doka. Ta hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Wanda aka kama yana da damar ganin lauya kafin ya ba da jawabi, kuma wajibi ne a sanar da danginsa. Beli a caji ofis kyauta ne. Dokar 2015 ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce, iyayenmu mata ku ji wannan da kyau. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina.

Mun san abin da ke takarda daban, abin da muke gani daban. Yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, in ya je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar asali daga garin da bai taɓa kwana ba. A 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan bambanci na ɗan ƙasa da baƙo a Nijeriya, kuma bai shafe mu kaɗai ba, ya shafi Ibo da Yarabawa da ke zaune a garuruwanmu na Arewa. Mun kuma san abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu na 2021. Allah ya kiyaye gaba. Amma in yau aka ce mana, ku kawo sunan kowane magidanci na wannan unguwa, da sana'arsa, da lambar rumfarsa, da 'ya'yansa da ke makaranta, da waɗanda aka hana takarda, za mu iya? Wanda ba a ƙirga shi ba lokacin zaman lafiya, da wuya a biya shi diyya bayan tashin hankali.

ABIN DA KWAMITI KE ROƘO

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga shawarwari biyar da muke so wannan taro ya yanke hukunci a kansu yau, kada a sake ɗagawa.

Na ɗaya, littafin ƙorafi. Za a ajiye shi a ofis. Duk wanda aka kama, ko aka karɓi kuɗinsa ba bisa ƙa'ida ba, ko aka hana ɗansa takarda, a zo a rubuta: suna, rana, lokaci, wuri, abin da ya faru, nawa aka karɓa, da shaidu biyu. Gaskiya kawai za a rubuta. In yaronmu ne ya yi laifi, haka za a rubuta, domin ƙarya ɗaya tana ɓata littafi duka. Mata biyu daga ajin yamma za su riƙa karɓar bayanin 'yan'uwansu mata a cikin gida.

Na biyu, rajistar gidaje. Matasanmu masu karatu za su bi layi-layi. Littafin na ƙungiya ne, ba za a ba ɗan siyasa ko wani mai neman ƙuri'a ba.

Na uku, asusu. Muna ba da shawarar naira 500 a wata daga kowane gida, wanda ba shi da hali a ɗauke masa. A misali, in gida 200 suka biya, naira 100,000 ke nan a wata, naira 1,200,000 a shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Kuɗin na lauya ne, da kuɗin mota zuwa kotu, da buga wannan takarda. Ba na biki ba ne, ba na rance ba ne, kuma ba za a taɓa ba da shi a matsayin cin hanci ba.

Na huɗu, tsaron asusun. Za a buɗe shi a banki da sunan ƙungiya bayan mun kammala rajista. Mutum uku ne masu sa hannu, sai biyu sun sa kafin kuɗi ya fita. Ba rasit, ba biya. Duk wata uku Ma'aji zai karanta lissafi a bainar jama'a, a kuma buga shi a nan. Ƙarshen shekara a kira mai duba lissafi wanda ba ɗan kwamiti ba. Ni Sakatare ba na cikin masu sa hannu, kuma haka na roƙa.

Na biyar, mu nemi kujera a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na yankinmu, wato PCRC, mu riƙa zuwa da littafinmu a hannu, mu yaba inda aka kyauta, mu nuna inda aka kuskure. Abin da ya fi ƙarfin nan mu kai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Ba Da Agajin Lauya. Mu kuma gayyaci maƙwabtanmu 'yan gari su zauna da mu, domin mai acabarsu da namu hanya ɗaya suke bi, shinge ɗaya ake tare su.

Daga ƙarshe, ina kira ga magidanta, ajin yaƙi da jahilci yana nan bayan sallar isha'i, na mata kuma da la'asar. Ni shaida ne cewa furfura ba ta hana riƙe biro. Ba na so wani a cikinku ya tsaya gaban lauya kamar yadda na tsaya, da gaskiya a baki, hannu babu komai.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci kasuwancinmu da zuriyarmu, ya ba ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya. Shugaban taro, na mayar da magana gare ka domin a ji ra'ayin jama'a a kan shawarwarin nan biyar.